Ranar Da Na Zama Mai Rabon Tallafi A Durun

Assalamu alaikum, mutanen kirki masu bibiyar labarina. Na ga saƙonninku, na ga masu cewa Zinnira ta samu miji ta manta da mu, har da wadda ta turo min hoton kunkuru. Ku yi haƙuri. Ba miji ne ya ɓoye ni ba, kunya ce. Yau ma da kyar na iya riƙe wayar, kuma duk wadda ta gama karantawa ta ji tana son zagina, bismilla, ba zan ce uffan ba.

Ga waɗanda yau suka shigo: ni 'yar Gwarzo ce, na gama karatun koyarwa ina zaune a gida ina jiran aikin da ya ƙi zuwa. Manya sun shiga maganar aurena da Sharfaddeen, mai shagon magungunan dabbobi a Kabo, mutumin da in yana magana sai ka matso kafin ka ji. Ciwona ɗaya ne a duniya, karatun littafi.

Yaya Abdulnasir ne ya ja min. Duk zuwansa daga Kano sai ya taho min da tsofaffin littattafan Turanci na matasa, irin waɗanda ake zubewa a ƙasa a gwanjo, wasu ma bangonsu ya cire. Kala biyu ne suka tafi da hankalina. Akwai na 'yan tafiya, inda yara sa'annina su ɗauki motar babansu, su cika tanki, su ce teku za su je gani. Ba sallama, ba “Umma zan fita”, ba mai tambayar wa zai raka su. Wallahi duk inda suka tsaya shan mai sai na ajiye littafin na ja tsaki, don mu babur ɗin Baba tun da fetur ya hau yake jingine a zaure, kaji har sun fara kwana a kansa. Amma ina tsakin ina ci gaba da karatu, ina jin iskar tagar motarsu a fuskata.

Sai kuma na leƙen asiri, su ne suka gama da ni. Yarinya 'yar makaranta da safe, da yamma ta canja suna, ta canja tafiya, ta shiga gidan da ba a gayyace ta ba, ta fito da gaskiya a hannunta. Na haddace dokokinsu kamar karatun allo. Kada ka tambayi abin da kake son sani kai tsaye. Kada ka tafi da fuskarka. In mutane suka ɗauke ka wani, kada ka gyara musu, ka zama wanin.

Umma kullum sai ta ce, “Zinnira, takardun nan wata rana sai sun sa ki tafiya kina magana ke kaɗai.” Shi kuwa Sharfaddeen abin dariya yake ba shi. In ya zo zance bayan la'asar, kafin ma ya gama zama a tabarmar zaure zai ce, “To 'yar sandan ciki, yau wa aka kama?” In zauna in zayyana masa, yana murmushi yana gyara hularsa.

Gwaggo Sabuwa, yayar Baba, ita ta kunna wutar. Ta zo ranar wata Laraba da mayafinta ruwan goro da carbinta mai ƙara, ta zauna a kujerar tsakar gida, ta ƙi ko shan ruwa.

“Wai an yi bincike,” ta ce wa Umma, amma ni take kallo. “Wane bincike? Sun je shagonsa sun sha lemo, sun gaisa da limamin unguwa, sun dawo suna mutumin kirki ne. Wa ya taka ƙauyensu, Durun? Wa ya ga uwar da ta haife shi? Yaro ya ce shi ɗan Fulani ne, to ina shanun? Ku dai ku sa rana ku gani.”

Umma ta ce, “Yaya, ai Malam ya gamsu.”

“Malam ai da kowa gamsuwa yake.”

Na shige ɗaki ina cewa a raina tsohuwar nan ba ta da aiki. Amma maganarta ta zauna min, don ni ma na lura. Duk Juma'a wayar Sharfaddeen a kashe take tun safe har dare. In na ɗauko maganar gida sai ya ce “Inna tana gaishe ki”, ya juya zancen. Nan take na tura masa saƙo.

“Yaushe za ka kai su Umma su gaisa da Inna?”

Ya daɗe kafin ya amsa. “In sha Allah bayan damina.”

“Me ya sa sai bayan damina?”

“Hanya ba kyau. Kin ci abinci?”

Ku faɗa min gaskiya, in ku ne fa? Wata da ta fi ni hankali da ta jira ya zo ta tambaye shi ido da ido. Ni kuwa sai na ji ƙirjina yana bugawa irin na daɗi, na ce yau ga babin farko ya zo har gida.

Na kira Badi'a, 'yar ƙanwar Umma, aminiyata tun muna Islamiyya. Ita take sa niƙabi, ni ban taɓa sawa ba. Ta ce ba ruwanta, ta sake cewa ba ruwanta, sannan ta tambaye ni wane takalmi za ta sa. Muka ce wa Umma barka za mu Kabo, wata ƙawarmu ta haihu. Na sa doguwar riga baƙa, hijabi mai ruwan toka har ƙasa, safa, na ɗauki baƙar jakar Yaya Abdulnasir mai hannu don in yi kama da mai abin yi. Niƙabin sai da muka bar unguwa na ɗaura.

Ba zan ɓoye muku ba, tafiyar ta yi min daɗi. Motar haya ce da aka cusa mu kamar buhunan gawayi, tagar ɓangarena ba ta buɗuwa, wata mata ta ɗora min kwandon kuɓewa a cinya, direba kuma duk gangara sai ya kashe mota don ya rage shan mai. Amma ga gero ya yi kore shar hagu da dama, ga hadari can nesa, ga ni a hanya ba wanda ya san inda na nufa. Na ce wa Badi'a a kunne, “Kin ga abin da suke ji ke nan.” Ta ce, “Ni amai nake ji.”

Daga Kabo muka samu a-daidaita-sahu, ya yi ta kokawa da taɓo har ya sauke mu a bakin Durun. Muka tarar da mata a famfon tuƙa-tuƙa. Muka gaisa, muka tambayi gajiya, muka tambayi ruwa, suka ce ruwa ya yi gyara. Sai na ce muna neman gidan su Sharfaddeen mai magani.

Wata mai goyo ta dubi jakata, ta dubi safata. “Ko ku ne na tallafi? An ce ana zagayawa gida-gida.”

Badi'a ta mintsine ni. Na ji mintsinin sarai. Amma abin da ya fi shi ƙara a kaina shi ne dokar nan ta littafi, in suka ɗauke ka wani ka zama wanin. Na gyara murya na ce, “E, mu ne.”

Innalillahi. Kalma uku ke nan, kuma da na san inda za su kai ni da na haɗiye su.

Matar ta ajiye bokitinta ta raka mu da kanta. Gidan dangar kara ce, an share tsakar gida tas. A gefe ga wani makeken fili cike da turaku, turke bayan turke, amma ba saniya ko ɗaya, sai wata akuya da ɗanta. Ɗakin ƙasa ne guda biyu, ɗaya gefensa ya zube an tokare shi da itace. Wata dattijuwa doguwa siririya ta fito, atamfarta ta koɗe amma a wanke take fes. Ita ce Inna Hajaratu, mahaifiyar Sharfaddeen.

Ta shimfiɗa mana tabarma, ta shiga ta daɗe, ta fito da ƙwarya an dama fura da ɗan nonon da bai kai ya rufe ta ba. A littafi, mai leƙen asiri ba ya cin komai a gidan da ya shiga. Amma wanda ya rubuta haka bai taɓa zama a gaban tsohuwar Bafulatana ta miƙo masa ludayi da hannu biyu ba. Ta ce, “Ku ɗage abin nan ku sha, 'ya'yana, ba namiji a gidan.” Na ɗage. Na sha.

Ban ma sha wahalar tambaya ba. Ina cewa “Inna, wa ke kula da ke?” sai fuskarta ta washe.

“Ɗana. Yana Kabo. Duk Juma'a nan yake wuni, ya yi min noma, ya yi sallah a nan, ya koma. Wayarsa ma kashewa yake, wai in ta mutu ba inda zai sa mata wuta.” Ta nuna turakun da haɓa. “Da nan duk shanu ne. Wasu aka kore su dare ɗaya, sauran jinyar mahaifinsa ta cinye. Allah ya ji ƙansa. Yaron nan bai taɓa bari na nemi abu a hannun wani ba.”

Ta sunkuyar da kai tana murmushi, irin na mai jin nauyin abin da za ta faɗa. “Aure yake nema a Gwarzo. An ce 'yar malamai ce, mai karatu. Ya ce sai ya ta da ɗakin can kafin ya kawo su, kada su zo su ga gini a ƙasa.”

Jama'a, jikina ya yi sanyi. Na ji son bawan Allahn nan ya cika min ƙirji har ina neman yin kuka a cikin furar mutane. Na samu abin da na zo nema, saura in tashi in tafi. Sai dai kafin mu miƙe, ƙofar gidan ta cika. Labari ya zaga. Mata ne tsaye har waje, da masu goyo da tsofaffi, kowa na leƙe.

“Shinkafa ce ko masara?”

“Mu na bayan masallaci za a zo mana?”

“Yaushe za a raba?”

Gumi ya karyo min. Badi'a ta sauke niƙabinta ta zama gunki. Ni kuwa so nake kawai a ba mu hanya, sai na ji bakina yana cewa, “Ranar Litinin ne, a bakin sakatariya a Kabo. Da safe.”

Aka ɗauki godiya da addu'a. Inna Hajaratu ta rako mu har bakin danga, ta ce a hankali yadda sauran ba za su ji ba, “'Yar nan, ni a bar ni. Mu ba mu saba tsayawa a layi ba.”

Ga inda nake so ku tsaya ku dube ni da kyau. Ta ba ni ƙofar fita da kanta. Da na ce “to Inna” shi ke nan. Amma ni gwanar karatu, wai kada a gane ni, wai ma'aikaciyar gaske ba za ta yi shiru ba. Na riƙe hannunta na ce, “Haba Inna, ai ba roƙo ba ne, haƙƙinki ne. Kuma ki zo da kanki, ba a ba wa ɗan aike.”

A hanyar dawowa, da muka hango Gwarzo, Badi'a ta juyo ta dube ni. Ta ce, “Zinnira, matan nan fa za su je.” Na ce haba, ai za su tambayi mai unguwa, zai gaya musu babu wani rabo. Na faɗa mata haka, na faɗa wa kaina haka. Ina da Juma'a, ina da Asabar, ina da Lahadi. Na rubuta wa Sharfaddeen “Akwai maganar da nake so mu yi”, na goge. Na sake rubutawa, na tuna yadda zai ji in ya san na ga ɗakin da yake ɓoyewa, na sake gogewa. Ranar Lahadi da ya zo zance har sabon lalle na yi, na yi masa dambun zogale, na fi kullum fara'a. Ya ce yau kam ko an kama babban ɓarawo ne a littafin. Na yi dariya.

Ranar Litinin aka tashi da ruwa, aka wuni ana yi. Ina tankaɗen garin tuwo bayan la'asar wayata ta yi ƙara. Saƙon Sharfaddeen ne.

“Ki sa Inna a addu'a. Muna asibiti a nan Gwarzo.”

Rariyar ta suɓuce daga hannuna. Na kira shi. Ban taɓa jin muryarsa haka ba, ba ta tashi ba, amma kamar ana jan ƙarfe a ƙasa.

Ya ce wasu mata biyu masu niƙabi sun je Durun sun ce za a raba tallafi. Matan garin suka fito tun da sassafe, yawancinsu a ƙafa don kuɗin mota ya fi ƙarfinsu. Masu gadi suka gaya musu ba su da labarin wani rabo, amma suka ƙi tafiya, suna ganin ko so ake su watse a raba wa wasu. Suka tsaya cikin ruwa har azahar ta wuce. Inna tana da hawan jini, ba ta karya ba, ta yanke jiki ta faɗi a bakin ƙofa, goshinta ya fashe.

“Zinnira, Innata a layi,” ya ce. “Innata. Ko gaya min ba ta yi ba. Da ta farfaɗo na ce Inna me na rage ki da shi? Kin san abin da ta ce? Wai in ta samu buhun, sai in huta da cefanenta in ƙarasa haɗa lefenki.”

Na toshe bakina da gefen hijabi.

“Mai unguwa ya kai maganar Hisba. Amma ni ba zan jira ba. Ke kin san dabarun irin mutanen nan, kullum kina karanta su. Don Allah ki zauna ki yi min tunani, ta ina ake fara neman su? Ba dukansu zan yi ba. So nake in ga idon wadda ta iya kallon tsohuwa ta yi mata haka.”

Na ce to. Wallahi abin da na ce ke nan, to.

Na shiga ɗaki na jawo kwalin littattafan daga ƙarƙashin gado, na zazzage su a ƙasa. Ba dabara nake nema masa ba. Shafi ɗaya nake nema, inda yarinyar nan mai canja suna ta koma wurin tsohon mai gadin da ta yi wa ƙarya ta ga abin da ya same shi. Na tuna shi sarai, ta ce masa ita jikar mai gidan ce, ya buɗe mata ƙofa har da yi mata addu'a. An kore shi? An daure shi? Babu. Ana juya shafi ya ɓace. Haka 'yan tafiyar nan, akwai wata tsohuwa a bakin hanya da ta ba su abinci da wurin kwana, suka sace mata taswira suka gudu da asuba, ni kuma a lokacin har dariya na yi, na ce kai yaran nan da wayo. Littattafan da nake runguma in yi barci, ranar sai na ji ina jin haushinsu, sannan na ji haushin kaina ya fi, don su takarda ne, ni ce na sha furar.

Washegari Umma ta tashi da aikin abincin dubiya: farfesun kaza, kunun gyada a fulas, tuwon shinkafa miyar kuɓewa ɗanya. Na ce kaina ke ciwo. Na ce ai da kunya in je gaban surukata tun ba a ɗaura ba. Umma ta ce, “Ciwo ba ruwansa da kunya. Sa hijabinki.” Na yi tunanin niƙabi, na tuna masu niƙabi ake nema. Na kira Badi'a, wayarta a kashe. Na zaɓi hijabi ruwan hoda mafi girma da nake da shi, na jawo shi har gira, na ce zan durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe ta ƙasa-ƙasa kamar kowace mai kunya, mu fito.

Ɗakin mata ya cika da 'yan dubiya da warin magani. Tana gadon ƙarshe, an naɗe mata goshi da bandeji, ƙarin ruwa a hannunta. Sharfaddeen ya taso ya karɓi kwandon daga hannun Umma, idanunsa sun yi ja.

“Inna, ga mahaifiyar Zinnira. Ga kuma Zinnira.”

Suka gaisa da Umma, ya jiki, da sauƙi, Allah ya ƙara afuwa, Allah ya sa kaffara ne. Ni ina durƙushe can baya, idona a kan siminti. Na fara murna a raina za mu rabu lafiya.

“Ina 'yar tawa? Matso mana. Yau dai Allah ya yi, bari in ga fuskar da ta hana ɗana sukuni.”

Umma ta tura ni da gwiwa. Na ja jiki har bakin gadon. Ta sa hannunta mara allura ta ɗago haɓata. Ta dube ni. Ta ƙara dubana. Na rufe ido ina jiran ihu.

Sai na ji dariya, siririya, ta farin ciki.

“Ikon Allah! Ashe ke ce! Sharfaddeen, ai ita ce yarinyar, wadda ta sha furata! Ban ce muku ba mayaudariya ba ce? Na ce yarinya mai wannan ladabin ba za ta yi mana ƙarya ba, kuka ƙi ji. Ashe 'yata ce, shi ya sa ta fara da gidana.”

Na ji ƙarar fulas ya taɓa ƙasa a bayana. Umma ta ce, “Wace fura?”

Inna Hajaratu ta damƙe hannuna ta ɗora a ƙirjinta, tana shafawa. “Kada ki sa komai a ranki, 'yar nan. Na san ba laifinki ba ne, manyanku ne suka ɗaga ranar ba su gaya miki ba. Matan garinmu suna ta zaginki, ni kuwa na ce sai na ji daga bakinki. Faɗa min in aika musu. Yaushe za mu koma?”

Ban iya ɗago kai ba. Takalman Sharfaddeen kawai nake gani, da taɓon Kabo a jikinsu, sun matso sun tsaya daf da ni.

“Zinnira,” ya ce, a hankali ƙwarai. “Inna na tambayarki.”